Masu Fasa Mini Ƙwan Fitila

Mijina da ƙaninsa sun ɗora mini laifin ƙwan fitila uku da ban fasa ba. Sun faɗa a tsakar gida, sun faɗa a bakin ruwa, har maganar ta kai gidan suna, inda wata ta tambaye ni a gaban mutane wai ko da dutse nake wanke gilashi. Ban ji daɗin wannan tambayar ba, kuma ba zan yi kamar na manta da ita ba.

Fitilar tawa ce, a fara sanin wannan. Tunkiyata na sayar na saye ta a hannun wani mai shayi a Bodinga, lokacin da ya samu janareta ya daina kula ta. Ana ce mata fitilar gas, amma kananzir take sha. Iska ake buga mata da famfo, iskar ta tura man sama, zafi ya mai da shi tururi, sai ta ci da farin haske tana huci kamar kububuwa. Ranar da na kawo ta gida, yaran unguwa sun cika mana tsakar gida har na rasa inda zan shimfiɗa tabarma.

Ba don kallo na saye ta ba. Ƙauyenmu yana kusa da dam ɗin Shagari. Maigida manomi ne, gero da damina, albasa da rani, amma in sanyi ya shigo shi da ƙaninsa sukan shiga kwale-kwale da dare su yi su, wato kamun kifi. Haske yana jawo ƙananan kifaye su taru, manya kuma su biyo su. Abin da suka kamo ni nake soyawa in kai Bodinga ranar kasuwa. To kun ga yadda abin yake. In babu fitila babu kifi, in babu kifi kaskona zai kwana a kife, ni kuma in koma tambayar maigida kuɗin sabulu, abin da na rantse na bari.

Saboda haka nake kula da ita kamar jinjira. Bayan la'asar nake zama da ita a inuwar zaure. In cire hular, wato murfin ƙarfe na sama. In zare ƙwan a hankali, in wanke shi da ruwan sabulu da tsumma mai laushi, in bar shi ya bushe sarai. Kananzir sai na sansana shi tukuna, don akwai marasa tsoron Allah da ke gauraya shi da fetur, sannan in tace shi da ƙyalle. Fatar famfo in ta bushe ina jiƙa ta da man gyaɗa har ta saki. Akwai wata 'yar allura a ciki mai share ramin da mai ke fitowa, ta fi gashin jariri siranta, ita ma sai an lallaɓa ta. Sai 'yar rigar da ke ba da hasken. Sabuwarta kamar safar 'yar tsana take, a ɗaura ta da zare a cinna mata wuta sau ɗaya, ta ƙone ta zama farar toka mai siffar ƙwai. Daga nan ko atishawa aka yi kusa da ita da ƙarfi sai ta zube. Duk wannan ba wanda ya koya mini sai mai shayin, a tsaye, yana zuba wa mutane madara. A lokacin ban ma fara zuwa ajin manya ba, rubutun da ke jikin tankin zane ne kawai a idona.

Sanyi yana da nasa hukunci. In gari ya yi ɗari, fitila ba ta son gaggawa. Sai an zuba sifirit a ɗan kofin da ke ƙarƙashin rigar, a kunna, a jira bututun ya yi zafi sosai kafin a buɗe mai. In aka yi garaje, sai ta yi aman jar wuta, hayaƙi ya baƙanta ƙwan, rigar ta lalace. Ƙanin maigida kuwa garaje ne aka yi wa ƙafafu. Magidanci ne da 'ya'yansa, amma tsakanina da shi wasa ne tun ranar da aka kawo ni gidan, kuma bai taɓa rage mini ba.

"Matarmu, ki ba mu hitila mu tahi, kihi na jiranmu," haka yake cewa kullum daga bakin zaure.

"Kihin ya aiko ka? In ka kunna min ita da sanyinta, kai zan soya gobe."

"Ni ai ba ni da mai, ƙashi na zalla. Asara za ki yi."

Shekara biyu muna haka lafiya. A sanyi na uku ne ƙwai ya fara fashewa.

Na farko, suka dawo da safe da fitila a rungume, ƙwan ya tsage daga sama har ƙasa. Maigida ya ce iska ce ta kaɗa ta ta bugi sanda. Na ce Allah ya kiyaye gaba, na sayo wani. Na biyu bai yi kwana goma ba. Wannan karon ƙanin ne ya yi bayani, har da nuni da hannu: wai wata tarwaɗa ce mai girman cinyarsa ta yi tsalle ta watsa wa ƙwan ruwa da wutsiya, shi kuma yana da zafi, sai ya ce tas. Na tambaye shi ina tarwaɗar. Ya ce ta kuɓuce. Na ce ashe ma ta san laifinta.

Da na uku ya fashe, sai suka rasa iska suka rasa tarwaɗa, suka juyo kaina. Maigida ya zauna a kan turmi yana kallon ƙasa, ya ce yana ganin yawan wankin da nake wa ƙwan ne ke cinye shi, ya yi siriri, shi ya sa ba ya jure wuta. Ƙanin ya karɓe, ya ce ai ya taɓa ganina ina goge shi da toka. Ƙarya ce tsagwaronta, toka tukunya nake gogewa da ita. Amma mutum biyu ne da gemu, ni ɗaya, kuma ba na wurin da abin ke faruwa. Matan gidanmu ba sa shiga kwale-kwale. Ni dai in gyara in miƙa, da hantsi in je bakin ruwa da daro in karɓi kifi.

Neman ƙwai na huɗu ya kusa gama da ni. Duniya ta koma fitilar caji, masu shago sun daina kawo kayan fitilar gas. Mu ma mun gwada ta cajin. Wuta ba kullum take zuwa ba, in an samu an caja kuma sanyin ruwa yana shanye batirin kafin tsakar dare, maigida kuma ya dage cewa kifi ba ya son haskenta. Na zagaye Bodinga ban samu ba. Aka ce in gwada Dingyaɗi, na hau kabu-kabu na je, mai shagon ya ce rabonsa da shi tun bara. Sai da na shiga Sakkwato, can cikin kasuwa, wajen wani tsoho mai sayar da tarkacen risho da lagwani. Ya duƙa ƙarƙashin tebur ya daɗe yana lalube, ya fito da shi a naɗe cikin tsohuwar jarida.

"Wanga ɗai ya rage, ɗiyata," in ji shi. "In kin hwasa shi, kada ki wahal da ƙahwarki ki dawo. Ba a kawowa kuma."

"Baba, ba ni ka hwasawa ba."

"Kowa haka shika cewa."

Na dawo gida a bas da ƙwan a cikin kwanon sha, na cusa masa ɗankwali ciki da waje, na rungume shi a ƙirji. Wata mata ta tambaye ni ko magani ne. Na ce kusan haka.

Kyanwa ce ta fara tona asirin. Washegarin da suka fita da sabon ƙwan, na ajiye fitila a zaure na shiga ɗauko tsumma, ina fitowa na tarar da kyanwarmu ta ɗora ƙafafun gaba a kan tanki tana lasar hular, ta lumshe ido. Na kore ta, na tsaya ina tunani. Kyanwa ba ta shan kananzir. Na ɗauki hular na kai hanci. Ni da na yi shekaru a bakin kasko, ko cikin barci aka kawo mini wannan ƙamshin zan ce kitsen karfasa ne. Na duba ramukan da zafi ke fita ta gefen hular, sai ga maiƙo ya daskare a ciki, ya gangaro har bakin ƙwan. Na daɗe ina ganin wannan maiƙon ina gogewa, ina cewa hannun masunta ne. Sai kuma na ga wani jan abu ya maƙale a jikin kusar hular. Na lakato na ɗanɗana. Yajina ne, wanda nake dakawa da citta da kanumfari, ba wanda ke yin irinsa a ƙauyen. Makonni ina zargin yara da rage mini shi.

Ban ce komai ba ranar, kuma Allah ya sani ba halina ba ne. Na san in na yi magana za su ce kyanwa ƙarya take yi. Na gyara fitila kamar kullum na miƙa, har ƙanin ya ce yau matarsu ta tashi ta hannun dama. Daga nan na leƙa wajen maƙwabciyata, wata dattijuwa mai sarin kifi, na ce gobe ta shirya mu fita tun kafin kiran sallar asuba. Ta ce me za mu yi a bakin ruwa a wannan ɗarin. Na ce shaida za ta yi mini.

Mun fita kowace ta lulluɓa da zane biyu, haƙora suna haɗuwa. Da muka sauka gangaren dam ɗin, sai na hango ta. Ban taɓa ganin fitilata a kan ruwa ba sai ranar. Sun rataye ta a wata sanda mai ƙugiya a goshin kwale-kwale, ƙasa-ƙasa, haskenta ya kwanta a kan ruwa fari fat, tururi yana tashi kewaye da shi. Na ɗan tsaya, don gaskiya ta yi kyau, har na ji wani alfahari. Ba su yi nisa da gaɓa ba, ana jin maganarsu. Sai iska ta juyo, ta kawo mana ƙamshi.

"Ke, wa ka gashi tsakiyar ruwa?" in ji dattijuwar.

Ƙanin maigida ne a durƙushe gaban fitila, ya lulluɓe kansa da bargo. Ya ɗora murfin gwangwani a kan hular, ya jera ƙananan karfasa a kai, yana juya su da tsinke, yana barbaɗa yaji daga wata 'yar leda. Kitse yana ɗiga ta gefe yana cewa cuu. Maigida kuma, mutumin da ya ce wankina ke cinye gilashi, ya tsamo hannuwansa daga ruwa ya kai su dab da ƙwan yana murzawa, ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunsa.

Na cika ƙirjina da iska. Duk abin da na tara tun ƙwai na farko ya taho bakina, kuma muryata in na sake ta ana ji daga wancan ƙetaren. Sai na ga yadda ƙanin ya kusanto da fuskarsa, bargonsa yana taɓa sandar. In na yi ihu zai zabura, in ya zabura zai bugi sanda, fitila ta yi lilo ta daki gefen kwale-kwale ko ta faɗa ruwa. Ƙwan da babu irinsa daga nan har Sakkwato. Sai na haɗiye. Na tsaya a cikin laka mai sanyi ina kallon ana gasa kifi a kan dukiyata, da yajina. Dattijuwar ta toshe bakinta da zane, kafaɗunta suna rawa. Na ce mata cikin raɗa in ta bari dariyar nan ta fito zan tura ta ruwa.

Sai da suka cinye kashi na farko, suka ɗora na biyu, suka ja taru, aka fara kiran salla daga ƙauye, sannan suka tuƙo zuwa gaɓa. Na jira har maigida ya sassauta iska fitila ta mutu, ya sauke ta ya ajiye a kan yashi da hannu biyu. Sannan na fito daga bayan ciyawa.

"An tashi lahiya, masu tuwo-tuwo? Yaji ya ji, ko in koma gida in ƙaro?"

Ƙanin yana riƙe da murfin gwangwanin, sauran kifi biyu a kai. Ya dube ni, ya dubi wansa, ya rasa inda zai sa murfin, sai ya ɓoye shi a bayansa kamar ban gani ba.

"Matarmu, mi ya hito da ke cikin wanga ɗari?"

"Tarwaɗa nika nema. Wadda ta hwasa min ƙwai da wutsiya. An ce nan taka kwana."

Dattijuwar ta kasa riƙewa, ta zauna a kan daronta tana dariya tana salati. Wasu masunta da suka fito kusa da mu suka matso jin ba'asi, ni kuwa ban rage murya ba. Na ce ga toka, ga dutsen da nake wanke gilashi da shi, ku zo ku gani. Na nuna musu maiƙon da ke gangarowa, na ce kitse ko ɗigon ruwa mai sanyi in ya sauka a kan gilashin da ya kwana yana cin wuta, me ake so ya yi, ya yi godiya?

Maigida ya jira sai da mutane suka watse. Mutum ne mai ƙarancin magana, shi ya sa ƙaryarsa ta fi ba ni haushi, don ba ya yin ta da yawa. Ya zo ya miƙo mini hannuwansa biyu. Yatsun sun kumbura sun yi fari, duk gaɓoɓin sun tsattsage, wani wurin har da jini.

"In dare ya raba, ba ni iya riƙe igiya," in ji shi. "Ba ni jin yatsuna. In ba mu sa abu mai zahi cikinmu ba, kwana ka ɗaukar mu, kuma kin san abin da kwana ka yi cikin jirgi. Wutar da muke da ita ke nan."

"To mi ya hana ku hwaɗi?"

"Da kin hana mu hitila."

"Sai kunka ga gara a ce ni ce ban iya wanki ba."

Ya janye hannuwansa. Ƙanin ya lallaɓo ya miƙo mini murfin, wai in ɗanɗana in ji, ko a birni ba a gashi irin wannan. Na ɗauki ɗaya na ci, don tun jiya ban ci abin kirki ba. Na ce gishiri ya yi yawa kuma yana warin kananzir. Na ɗauki na biyun ma. Sannan na saɓi fitilata na yi gaba, na bar su da daron kifi su biyo ni da shi.

Daren ranar fitila ba ta fita ba. Na sa ta a ɗakina bayan gado, na ce duk mai so ya zo ya ɗauka in gani. Ba wanda ya zo. Maigida ya shafa man kaɗanya a hannu ya kwanta tun bayan isha'i, ya yi ta minshari hankali kwance, ni kuwa na kasa barci. Na gane hukuncin nan ni yake ci. Su sun samu hutu da bargo, ni ce zan je Bodinga da tire babu komai. In na ba su kuma, alkawari za su yi mini har da rantsuwa, su cika shi kwana biyu, dare na uku ɗari ya kama su su manta. Ban ga laifin ɗari ba, na tsaya a cikinsa na ji. Amma ba zan bar ƙwaina na ƙarshe a hannun alkawarin mai jin sanyi ba.

Da gari ya waye na kwance hular fitilar, na ƙulle ta a gefen zane, na ɗauki wani tsohon bokitin ƙarfe da gindinsa ya huje, na tafi maƙera a Shagari. Maƙerin yana hura wuta na ajiye masa su a gaba. Na ce ya kafa wa hular nan tsini a ka, dogo, mai kaifin kai, yadda ko ƙuda ba zai samu wurin zama ba balle murfin gwangwani, amma kada ya toshe mini ramukan gefe. Bokitin kuma ya yanke shi rabi, ya yi masa ƙafafu gajeru masu faɗi da raga a sama, yadda za a zuba yashi a ƙasa a ɗora gawayi, ya zauna a tsakiyar kwale-kwale ba ya tangaɗi, su gasa kifinsu su ɗuma hannu a nan.

Ya juya hular a hannu, ya kai ta hanci, ya ɗago ya dube ni.

"Inna, wagga hitila ko kasko?"

"Kai dai yi aikinka," na ce, na jawo kututture na zauna. "Nan zan jira. La'asar nika son su."